Rowland Bingham: Bawan Allah Da Ya Koma Gida Hannu Banza Har Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Jos ya san asibitin Jankwano, wanda yanzu ake kira da sunan Bingham. Ɗalibanmu kuma sun san jami'ar Bingham da ke Karu, wadda ikkilisiyar ECWA ta kafa a 2005. Sunan ya zauna a bakinmu har muna ɗauka cewa mai shi wani jarumi ne da ya ratsa ƙasar Hausa yana dasa ikkilisiyoyi gari bayan gari. Ba haka tarihinsa yake ba. Rowland Victor Bingham bai taɓa riƙe tashar mishan a ƙasar nan ba. Sau biyu ya taso da niyyar shiga Arewa ya zauna, sau biyu kuma ya koma gida daga Legas ba tare da ya kai inda ya nufa ba. A zuwan farko abokan tafiyarsa biyu suka mutu. A zuwa na biyu ɗaukarsa aka yi aka sa a jirgin ruwa, don ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa.

An haife shi ran 19 ga Disamba, 1872, a wani gari da ake kira East Grinstead a kudancin Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha uku, gida ya shiga talauci, dole yaron ya fara koyarwa a makaranta tun shi kansa bai gama girma ba. Yana da shekara goma sha biyar ya ba da ransa ga Yesu Kristi ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto. Ba da daɗewa ba ya yi ƙaura zuwa Kanada, ya yi hidima a cikin wannan ƙungiya, daga baya ya bar ta ya zama mataimakin wani fasto a Toronto mai suna John Salmon.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan Fasto Salmon, domin abin da Bingham ya koya a wurinsa shi ne ya kusa karya shi daga baya. Salmon yana cikin mabiyan koyarwar A. B. Simpson, wanda ya kafa Christian and Missionary Alliance. Mutane ne masu ƙaunar Ubangiji da himmar bishara ƙwarai. Amma suna koyar da cewa mutuwar Kristi a kan gicciye ta saya wa mai bi lafiyar jiki a wannan rayuwa kamar yadda ta saya masa gafarar zunubi, saboda haka wanda ya ba da gaskiya sosai yana da ikon karɓar warkarwa. Saurayin ya sha wannan koyarwa, ya taho da ita Afirka a cikin zuciyarsa.

A 1893 wata dattijuwa 'yar asalin Sikotlan, Margaret Gowans, ta gayyace shi gidanta cin abinci. Ta shimfiɗa masa labarin ƙasar da Turawa a lokacin suke kira Sudan. Ba ƙasar Sudan ta yau kaɗai ake nufi ba, ana nufin duk faɗin ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga yammacin kogin Kwara har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa tana tsakiya. Suna ƙiyasta mutanen wurin sun kai miliyan sittin ko fiye, kuma babu mai shelar bishara ko ɗaya zaune a cikinsu. Ɗanta Walter ya riga ya tafi Ingila yana neman ƙungiyar mishan da za ta aike shi, kowace ta ƙi, wasu don rashin kuɗi, wasu don sun san yadda zazzaɓi yake cinye Turawa a Yammacin Afirka. Bingham ya bar gidan nan da nawaya a zuciya, bai jima ba ya bi Walter. Wani Ba'amurke daga garin Buffalo, Thomas Kent, ya zama na ukunsu.

Suka sauka Legas ran 4 ga Disamba, 1893. Bingham ne ƙaraminsu, saura mako biyu ya cika shekara ashirin da ɗaya. Ba su da ƙungiya a bayansu, ba su da albashi, kuɗin hannunsu kuma bai isa ya ɗauki 'yan alaro zuwa cikin ƙasa ba. Shugaban mishan na Methodist a Legas ya faɗa musu a fili cewa su ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai watakila jikokinsu. Kada mu yi saurin zargin dattijon nan da rashin bangaskiya. Ya binne mutane da yawa, abin da idonsa ya gani yake faɗa. Samarin suka keɓe kwanaki suna addu'a, suka sayar da abin da za su iya sayarwa. Sai ga taimako ya iso daga inda ba su zata ba: wata mata mai aikin gida a Ingila ta aiko musu da ɗan gādon da ta samu.

A tuna fa wane zamani ne wannan. Babu jirgin ƙasa, domin layin dogo bai iso Kano ba sai 1911. Ba a ma san cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro ba, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Hanyoyi cike suke da yaƙe-yaƙe da harin kama bayi, Kano kanta tana cikin yaƙin basasa tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Tun ba a tashi daga Legas ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai aka shirya ya zauna a bakin teku ya riƙa karɓar saƙo yana tura musu kaya. Gowans da Kent suka shiga cikin ƙasa. Gowans ya faɗa hannun mayaƙa masu kama bayi, ya sha yunwa da wahala, aka sake shi, amma atuni ya riga ya gama da jikinsa. Ya mutu a Girku, a ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba 1894, babu ɗan'uwa mai bi ko ɗaya a gefensa daga ƙasarsu. Kent ya mutu a Bidda a watan Disamba na shekarar nan. Shekara guda ke nan da saukarsu, ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba, ba su gina ko bukka ta sujada ba.

Bingham ya koma Kanada a 1895, shi kaɗai.

Abin da ya same shi a wannan lokaci ya wuce baƙin cikin rashin abokai. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya tafi yana dogara ga abin da ya ɗauka alkawarin Allah ne na kiyaye lafiyar bayinsa, ga shi ya baro kaburbura biyu. Tambayar da ta tsaya masa ita ce, ko dai Allah bai cika alkawarinsa ba, ko kuwa Littafi Mai Tsarki ba abin dogara ba ne. Har ya fara karkata ga littattafan masu shakkar hurarriyar Maganar Allah. Wanda bai taɓa shiga irin wannan duhu ba zai ga kamar abu ne mai sauƙin fita. Amma da yawa a cikinmu mun san iyalin da suka yi azumi, suka yi addu'ar dare, wani mai wa'azi ya tabbatar musu cewa yaronsu zai tashi, yaron kuma ya mutu. Bayan jana'iza ba gawar kaɗai ake binnewa ba, wani lokaci har da amincewar uwar ga Allah. Irin ramin da Bingham ya faɗa ke nan yana ɗan shekara ashirin da biyu.

Ubangiji bai aiko masa da wahayi ko murya daga sama ba. Jinƙansa ya zo ta hannun mutumin da Bingham ya fi jin tsoron haɗuwa da shi, wato mahaifiyar Walter. Dole ya je ya kai mata 'yan kayan ɗanta da suka rage. Ku yi tunanin tafiyar nan: kai ne ka tsira, ɗanta ya mutu, kai kuma ba ka ko kusa da shi lokacin da ya cika. Matar ta tarye shi, ta kama hannunsa, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sa'an nan ta sanar da shi cewa ya fiye mata Walter ya je Sudan ya mutu shi kaɗai da ya zauna a gida yana rashin biyayya ga Ubangijinsa. Ba ta tuhume shi ba, ba ta kuma ɗauki mutuwar ɗanta a matsayin shaidar cewa Allah ya gaza ba. Ta ci gaba da addu'a domin Sudan, tana jawo waɗansu su yi tare da ita.

Wannan ya yi kama da yadda Allah ya bi da Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Annabin ya gudu jeji, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Abu na fari da Allah ya aiko masa shi ne abinci da ruwa da barci, har sau biyu, kafin ya yi masa wata tambaya. Gyaran tunaninsa ya zo daga baya, a hankali, aikin da zai koma yi kuma ya zo a ƙarshe. Zabura 103:13-14 ta ba da dalilin: Allah yana jin tausayin masu tsoronsa kamar uba da 'ya'yansa, domin ya san abin da aka yi mu da shi, bai manta cewa ƙura ce mu ba.

Gyaran tunanin Bingham ya ɗauki lokaci. Ya koma ga Littafi Mai Tsarki yana bincike, ba don ya shirya wa'azi ba, don ya ga ko akwai sauran ƙasa da zai taka. A hankali ya gane cewa Maganar Allah ba ta ruɗe shi ba, fassarar da aka koya masa ce ta ɗora wa Allah alkawarin da bai yi ba. Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas da ciwo a Militas, kamar yadda 2 Timoti 4:20 ta nuna. Ya shawarci Timoti a kan abin da zai sha saboda ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Abafaroditas ya kusa mutuwa saboda aikin Kristi, da ya tashi kuma Bulus ya kira tashinsa jinƙan Allah, bai kira shi hakkin da aka karɓa ba. Bulus kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korantiyawa sura 12 ita ce alherin da zai ishe shi a cikin rashin ƙarfin. Shekaru da yawa bayan haka, a 1921, Bingham ya fitar da littafi mai suna The Bible and the Body a kan wannan batu. Bai musa cewa Allah yana warkarwa ba, bai kuma hana addu'a domin marasa lafiya ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce wa mai bi da ke kwance rashin bangaskiyarsa ne ya hana shi tashi, ko a ce shan magani raina Allah ne. Littafin nan daga kabarin Girku da na Bidda ya fito, ina kuma ganin ikkilisiyoyinmu na yau, da irin wa'azin da ke shigo mana ta talabijin da wayar hannu, suna bukatar jin wannan koyarwa fiye da mutanen zamaninsa.

A shekarun nan ya ɗan koyi aikin asibiti a Cleveland, ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a New York, ya kuma yi aikin fasto a wata ikkilisiyar Baptist a Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma aka kafa majalisar mishan a Toronto, wadda aka fara kira Africa Industrial Mission. Ya bar aikin fasto mai albashi ya rungumi aikin da ba shi da ko ma'aikaci ɗaya a fili.

A 1900 ya sake tasowa da samari biyu. Mutum zai zaci cewa yanzu da ya koyi darasinsa, ya gyara tauhidinsa, ƙofa za ta buɗe. Cikin mako uku da saukarsu Legas zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka kai shi asibiti, likita ya ce a mayar da shi gida. Aka ɗauke shi a gadon marasa lafiya zuwa jirgi. Samarin biyu sun yi masa alkawari za su ci gaba, amma da suka saurari labaran mutuwa daga bakin 'yan mishan na Legas, sai gabansu ya faɗi, suka shiga jirgi na gaba suka bi shi.

Bingham ya ɗauki wannan lokaci a matsayin mafi duhu a rayuwarsa, har fiye da na fari. Dalilin a bayyane yake. A karo na fari an yi mutuwa, mutuwa kuwa tana da darajarta, ana iya tsayawa a gaban jama'a a ba da labarin waɗanda suka ba da ransu. A karo na biyu babu wanda ya mutu, kunya ce zalla. Shekara bakwai, kuɗin mutane ya tafi, babu tasha, babu tubabbe, shugaban kansa jikinsa ya ƙi ƙasar. Yawancin masu goyon bayansa suka ja da baya, waɗansu a majalisar ma suna ganin a rufe maganar.

Masu aikin bishara a ƙauyukan Gwiwa da Babura da Roni sun san ɗanɗanon wannan kunya. Mutum ya yi shekara takwas a wuri, ranar Lahadi iyalinsa ne da mutum huɗu a sujada, ɗaya ma ya koma saboda matsin dangi. Idan an je taron gunduma ana karanta rahoto, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Akwai kuma wanda ciwo ko ciwon matarsa ya tilasta masa barin wurin aiki, ya dawo gida yana jin ana raɗa cewa ya gudu. Ga irin waɗannan, wani ɗan abu a cikin tarihin nan yana da daɗin ji. A cikin mutum huɗu da aka aika a tafiya ta uku a 1901, akwai Albert Taylor, ɗaya daga cikin samari biyun nan da suka tsorata suka koma. An sake karɓarsa, ya sake zuwa, wannan karo ya shiga cikin ƙasa. Haka ya faru da Yohanna Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya har suka rabu a kansa, amma a ƙarshen rayuwar Bulus shi ne ya ce a kawo masa domin yana da amfani a gare shi.

Sauran ukun su ne E. A. Anthony da Charles Robinson da A. W. Banfield. Bingham bai zo tare da su ba. A 1902 suka kafa tasha ta fari a Fategi, a ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Abubuwa biyu sun canja tun 1893. Na ɗaya, an gane sauro, an kuma koyi shan kwinin kowace rana domin rigakafi. Na biyu, Ingila ta shelanta mulkinta a kan Arewa tun ran 1 ga Janairu, 1900, a ƙarƙashin Lugard. Wannan na biyu yana da nauyin da bai kamata mu ɓoye ba. Zuwan 'yan mishan a inuwar masu mulkin mallaka ya sa har yau maƙwabtanmu da yawa suna kallon bishara kamar kayan Bature. Gwamnatin nan kuma ita ce ta hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi na shekaru kusan talatin, saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna. Ta buɗe hanya da hannu ɗaya, ta rufe da ɗayan.

A 1902 ɗin nan ne kuma Andrew Stirrett, mai kantunan magani a Toronto, ya bar dukiyarsa ya taho. Shi ne Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932, ya kuma rasu a Jos a 1948. A 1906 ƙungiyar ta ɗauki sunan Sudan Interior Mission, SIM ke nan da muka sani.

Daga nan Bingham ya karɓi matsayin da rashin lafiyarsa ya ajiye shi. Ya zauna Toronto yana rubutu, yana buga mujalla, yana yawo daga ikkilisiya zuwa ikkilisiya yana neman ma'aikata da masu addu'a. Ya kan zo ziyara Afirka, amma aikin yini da yini na waɗansu ne. A ganina, da ya samu abin da ya roƙa tun fari, da ya zama ɗan mishan guda a tasha guda, watakila ma kabari na uku. Ba na faɗin haka don in mai da ciwonsa abu mai daɗi. Zazzaɓi zazzaɓi ne, Gowans da Kent kuma sun mutu suna samari, iyayensu sun yi kuka na gaske. Amma Ishaya 42:3 ta kwatanta Bawan Ubangiji da wanda ba ya ƙarasa karya karan da ya tanƙware, ba ya kuma kashe fitilar da ta kusa mutuwa, rayuwar mutumin nan kuwa ta nuna abin da Ubangiji yakan yi da irin wannan kara bayan ya bar shi da rai.

Aikin ya yaɗu. An shiga Damagaram a ƙasar Nijar a 1924, an shiga Habasha a 1927. A 1933 SIM ta samu wurin zama a Kano, shekara arba'in bayan saukar samarin nan uku a Legas. Abin lura shi ne ƙofar da aka bi aka shiga masarautu sosai. A 1937 aka danƙa wa SIM kula da wuraren jinyar kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda muka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Mutanen da danginsu suka keɓe, waɗanda ba a cin abinci a ƙwarya ɗaya da su, suna cikin na farko da suka ji bishara a ƙasar nan suka karɓa, waɗansunsu kuma da suka warke suka koma garuruwansu da Littafi a hannu. A ƙasar Kazaure SIM ta buɗe tasha a Roni da makarantar yara maza, inda aka koyar da yara da dama da suka zama malamai da masu bishara a ƙasar Hausa. 'Yan ƙasa ne irin waɗannan, da iyayenmu Maguzawa da suka tuba, suka ɗauki bisharar zuwa ƙauyukan da Bature bai taɓa kwana ba.

Bingham bai ga kafuwar ECWA ba, domin sai a 1954 aka kafa ta. Bai ga asibitin ido na Kano ba, wanda aka buɗe a 1943. Yana cikin shirin bikin cikar SIM shekara hamsin, ya kuma gama rubuta tarihin aikin, sai ciwo ya buge shi farat ɗaya. Ya rasu a Toronto ran 8 ga Disamba, 1942, saura kwana goma sha ɗaya ya cika shekara saba'in. A lokacin SIM tana da 'yan mishan wajen ɗari huɗu. Tun yana da rai ya sa wa gidan renon 'ya'yan 'yan mishan da ke Collingwood a Kanada sunan Gowans, daga baya kuma aka sa wa makarantar da ke Miango sunan Kent. Kabarin Walter Gowans yana nan a Girku. A garin ne kuma aka binne Claude Dudley Ryder na mishan ɗin CMS, ɗaya daga cikin ayarin Bishop Tugwell da Dokta Miller, waɗanda Sarkin Kano Alu ya sallama daga birni a 1900 suka komo Girku suka zauna.